Gajerar Tafiya, Doguwar Tsayuwa: Zaɓe da Amfani da Cajar Batir na Biyu a Motocin Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda ake cajin batir na biyu a cikin mota a ƙauyukan arewacin Jihar Kano, wato batirin da ba shi ke tayar da inji ba, wanda ake ɗora wa cajin wayoyi da lasifika da firji da injin feshi. An auna hanyoyin da ake bi da ma'aunin lissafin lantarki da kuma yanayin wurin: zafi, ƙura, da irin zirga-zirgar da motoci ke yi. Matsayar maƙalar ita ce, a ƙasar da garuruwa ke kusa da juna, mota ba ta yin tafiyar da za ta cika batirin dalma. Saboda haka zaɓen caja ya kamata ya fara daga ƙirga awannin da inji ke aiki a rana da awannin da mota ke tsaye, kafin a dubi adadin da aka buga a jikin kwali.

Gabatarwa



Tun a shekarar 1965, lokacin da Michael Mortimore da J. Wilson suka fitar da bincikensu daga Sashen Nazarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, masana suka san kewayen birnin Kano da cunkoson gonaki. Gona na jingine da gona, ba a barin fili ya huta, gero da dawa da wake da gyaɗa na fitowa a gona ɗaya, taki kuwa ana kwaso shi daga turke da kuma daga birni a kan jakuna. Wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko ya ɗauki hanyar Daura zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa Minjibir da Gezawa da Gabasawa, zai tarar da abin har yau haka yake. Jakin ne kawai ya ragu. A-kori-kura da 'yar ƙurƙura da babur sun karɓi yawancin aikinsa.

Abin da bai bi sawun mutanen ba shi ne wutar lantarki. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun daga watan Nuwamban 2013, amma garin da ke da turaku da waya ba lallai yana da wuta ba, kuma a ƙarshen Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, har birnin Kano ya shafe sama da mako guda cikin duhu. A lokaci guda kuma buƙata ƙaruwa take yi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura har mai sayar da akuya zuwa ga turin kuɗi ta waya da na'urar POS. Janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa ƙaramin janareta ya fi ƙarfin mai shi. Ba abin mamaki ba ne idan mai mota ya dubi injinsa ya ce: tunda dai yana juyawa, me zai hana ya cika mini wani batir a hanya?

Tunanin daidai ne. Aiwatarwar ce ke cinye kuɗin mutane.

Masu buƙatar batir na biyu

Mai tallan maganin gargajiya da ke ajiye motarsa a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, lasifikarsa na amo daga hantsi har la'asar, shi ne misali mafi sauƙin gani. Akwai masu wa'azi da masu shela, akwai mai cajin waya da ke bin kasuwanni, akwai mai kai allurar rigakafin dabbobi ko ta yara, wadda ba ta son ta fita daga digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyas, akwai manomin rani a madatsar ruwa ta Watari ko ta Tomas da ke kwana a gona yana son fitila, akwai kuma mai feshin wake da injin goyo mai batir. Dukansu abu ɗaya suke nema: su sha wuta alhali inji na kashe, kuma idan lokacin tafiya ya yi mota ta tashi ba sai an nemi masu turi ba.

Nawa batir ke ɗauka? Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da kimanin wat-awa 1,200. Idan na dalma ne, rabin wannan kaɗai ya kamata a taɓa, wato 600, domin duk sanda aka zuƙe shi fiye da haka kwanansa na raguwa. Babbar waya ta zamani na ɗaukar wat-awa 15 zuwa 19. Idan aka cire asarar da ake yi a hanya, wannan batir zai cika wayoyi 25 zuwa 30 irinta. Ke nan a ƙarshen yinin kasuwa ana bin motar bashin amfiya-awa 50, kuma dole ta biya kafin kasuwa ta gaba.

Abin da batir ke so da abin da hanya ke bayarwa

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan daɗe.

Batirin dalma, wanda Gaston Planté ya ƙirƙira a Faransa a 1859, ɗakuna shida ne a jere, kowanne na ba da kusan bolt 2.1. Idan ya cika ya huta, mita za ta nuna 12.6 zuwa 12.7. Idan ta nuna wajen 12.1 ko 12.2, rabi ya tafi. Cika shi kuwa mataki-mataki ne. Da fari yana karɓar duk wutar da caja ta ba shi har ya kai wajen kashi 80 cikin ɗari. Daga nan sai a riƙe shi a kusan bolt 14.4, wutar da yake sha tana raguwa a hankali, kuma wannan mataki na cin awa biyu zuwa huɗu komai girman cajar. Kamar ɗura ruwa ne a tulu mai ƙaramin baki: farko ka kwarara, amma in ya kusa wuya sai ka tsiyaya, in ka matsa ya zube. A batir, abin da ke zubewa shi ne ruwansa, wanda ke tafasa ya fita a matsayin iska.

Yanzu mu ɗora wannan a kan hanyar da motar ke bi. Daga birni zuwa Bichi ko Ɗambatta tafiyar kusan awa guda ce. Daga ƙauye zuwa kasuwar da ke kusa kuwa sau da yawa ba ta kai rabin awa ba, kuma a kan burji ko yashi ake yin ta, da ƙaramar giya, ana tsayawa ana ɗaukar fasinja da buhuna. Mu ɗauka an ci sa'a inji ya yi awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, kuma akwai caja mai kyau mai ba da amfiya 20. Awa ɗaya da rabi za ta kai batirin daga kashi 50 zuwa 80. Ragowar rabin awar ba za ta kai shi ko'ina kusa da cika ba. Washegari sai a fara aiki da batirin da bai cika ba, jibi ma haka.

Illar ba ta fitowa a mako guda. Farin gishirin da ke taruwa a jikin farantan dalma idan batir ya sauke wuta, caji ne ke narkar da shi. Idan aka daɗe ba a cika batir ba, gishirin sai ya daskare ya ƙi narkewa, wurin ajiyar wuta ya riƙa tsukewa. Mai motar zai ga batirin na saurin nuna ya cika, yana kuma saurin mutuwa, sai ya ce an sayar masa da jabu. Wani lokaci gaskiyarsa ne. Amma sau da yawa yunwa ce ta kashe batirin.

Yawancin cajojin da ke shigowa kasuwa an tsara su ne don masu yawon jeji a Ostareliya da Afirka ta Kudu, ko masu motocin kwana a Turai, mutanen da ke tuƙin awa biyar ko shida a miƙe kafin su yada zango. Shawarar da ke cikin takardarsu ta dace da su. A tsakanin Kunci da Makoɗa, inda kusan kowane 'yan kilomita akwai gari, lissafin ya sha bamban, kuma a ganina wannan bambanci ne ya fi kowane muhimmanci wajen zaɓe.

Hanyoyin jonawa

Hanya ta farko, kuma wadda ta fi yawa, ita ce a ja waya daga batirin mota kai tsaye zuwa na biyu. Ba ta da tsada, kuma ranar farko tana aiki. Matsalarta a fili take: batiran biyu sun zama ɗaya, lasifika na shan na baya tana shan na gaba, da yamma a murɗa makulli a ji shiru. Idan kuma ɗaya tsoho ne, shi zai riƙa janye wutar sabon ko da ba a kunna komai ba. Wasu na sa makunni a tsakani su riƙa kashewa da hannu. Wannan ya fi, amma ya dogara ga kada a manta, kuma mai sauke kaya a tsakiyar kasuwa yana da abin da ya fi wannan ɗauke masa hankali.

Ta biyu ita ce a soka inbata a ramin kunna taba, a jona cajar gida a kanta. Ramin nan fis ɗinsa amfiya 10 ne zuwa 15, wato wat 120 zuwa 180 iyaka. Ga shi kuma an ɗaga wutar daga bolt 12 zuwa 220 an sake sauko da ita, kowane juyi da asararsa. Don cajin waya biyu ko uku babu laifi. Don cika babban batir, ƙona soket kawai za a yi.

Ta uku ita ce rile mai jin ƙarfin wuta. Idan inji ya tashi, altaneta ta ɗaga wuta zuwa wajen bolt 13.3, sai rilen ya haɗa batiran. Idan aka kashe inji wuta ta sauko wajen 12.8, sai ya raba su. Ba na raina wannan na'ura. A tsohuwar Golf ko Hiace, ko Peugeot ɗin da aka harhaɗa a Kaduna, inda altaneta ke tsayawa a tsakanin bolt 13.8 da 14.4 muddin inji na juyawa, idan batiran biyu na dalma ne kuma suna kusa da juna, rile da waya mai kauri sun wadatar, kuma kowane mai wayarin a Ƙofar Ruwa zai iya ɗaurawa ya kuma gyara. Abin da rile ba ya yi shi ne tsara caji. Ƙofa ce kawai, tana buɗewa tana rufewa. Ba ya ƙara bolt ɗin da waya ta cinye, ba ya kuma rage wutar da batir ya nema. Akwai wani mai kama da shi da ake yi da dayod, amma shi yana cinye wajen bolt 0.7 a jikinsa, wanda ya isa ya hana batir cika har abada. Ban ga dalilin sayensa ba.

Ta huɗu ita ce cajar da ake rubuta wa DC-DC a jiki. Tana karɓar wutar mota ko ta yi ƙasa ko ta yi sama, ta daidaita ta zuwa abin da batir na biyu ke so, ta bi matakan caji ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta wuce adadin amfiyar da aka ƙayyade mata. Ta fi rile tsada nesa ba kusa ba. Amma akwai wurare uku da babu makawa sai ita.

Wuri na farko shi ne idan batirin na da nisa, kamar a bayan a-kori-kura ko ƙarshen bas. Na biyu shi ne idan motar na da altanetar da kwamfutar inji ke sarrafawa. Dokokin rage hayaƙi na Turai, Euro 5 na 2009 da Euro 6 na 2014, sun sa kamfanoni da yawa sun koma irin wannan altaneta, wadda ke sauke wuta zuwa ƙasa da bolt 13 idan batirin gaba ya cika, ta kuma harba ta zuwa wajen 15 idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Motocin waɗancan shekaru su ne yanzu ke shigowa hannu na biyu ta Legas da Kwatano, kuma sannu a hankali za su gangaro tashoshin ƙauye. A irinsu rile zai yi ta haɗawa yana rabawa, batirin baya bai samu komai ba. Gane su ba wuya: a ɗora mita a kan batir, a yi tafiyar minti ashirin ana kallo. Idan lambar ta tsaya kusa da 14, tsohon tsari ne. Idan tana hawa tana sauka, sabo ne.

Wuri na uku shi ne batirin litiyam, nau'in da ake rubuta wa LiFePO4, wanda ya yawaita a shagunan sola na Sabon Gari. Wannan batir ya dace da gajerar tafiya ta hanyar da na dalma bai dace ba. Yana karɓar cikakkiyar wuta har ya kusa cika, zama a rabi ba ya cutar da shi, kuma ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa. Caja mai amfiya 30 za ta mayar masa da amfiya-awa 60 a tafiyar awa biyu, fiye da bashin mai cajin wayarmu. Sai dai saurin karɓar nan shi ne haɗarinsa. Idan aka jona shi da rile da waya mai kauri, zai nemi wutar da ta fi ƙarfin altaneta, ita kuwa fankarta da gudun inji take juyawa, don haka a tafiyar hawainiya cikin yashi sai ta yi zafi ta ƙone. Kuma allon kariyar da ke cikin batirin na iya yanke wuta farat ɗaya, abin da kan jefa wa kayan lantarkin motar wuta mai ƙarfi. Wanda bai da kuɗin cajar DC-DC, bai kai ga sayen litiyam don mota ba tukuna.

Game da girman caja, mutane kan so mafi girma. Batirin dalma mai ruwa yana son amfiyar da ta kai kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na girmansa, wato amfiya 10 zuwa 20 ga mai 100. Litiyam na ɗaukar har rabin girmansa. Amma altaneta ce ke da magana ta ƙarshe. Caja mai fitar da amfiya 30 a bolt 14.4 wat 432 take bayarwa, kuma saboda asarar da ke cikinta za ta ja kusan amfiya 37 daga mota. Altanetar ƙaramar mota na tsakanin amfiya 70 da 100, a silo kuwa ba ta ba da cikakken wannan, ga fitilu da fanka da famfon mai suna jiran rabonsu. Shawarata ita ce kada abin da caja ke ja ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin altaneta. Ga yawancin motocin da muke magana a kai, amfiya 20 ke nan.

Waya da fis

Caja mai tsada a kan siririyar waya asarar kuɗi ce. A ɗauka batirin na nesa da mita 5, wato mita 10 zuwa da dawowa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5, irin ta soket ɗin gida, za ta cinye bolt 1.4 idan amfiya 20 ta bi ta cikinta. Altaneta ta ba da 14.2, batir ya ga 12.8. A aikace abin da zai faru shi ne wutar ta ragu ta koma 'yar kaɗan, mai mota ya yi ta tafiya yana zaton caji ake yi. Mai kaurin 6 za ta cinye wajen 0.6, mai kaurin 16 kuwa kimanin 0.2. Bambancin cika da rashin cika ke nan.

A kuma lura da wayar alminiyan da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ido ba ya rabe ta da ta gaske sai an kankare ko an ɗaga an ji rashin nauyinta, kuma kusan kashi 60 kawai take ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka. Araha ba ta ado.

Fis biyu ake buƙata, ɗaya dab da kan jan batirin gaba, ɗaya dab da na baya, domin kowane batir na iya tura ɗaruruwan amfiya cikin wayar da ta goge ta taɓa bodi. A hanyar da ke da gargada, goguwar waya ba tsautsayi ba ce, lokaci kawai take jira. Inda duk waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Ɗabi'ar naɗa zaren waya a gurbin fis ɗin da ya ƙone kuwa, a motar da ke ɗauke da jarkar fetur da kara da harawa da fasinjoji, abu ne da ya kamata shugabannin tasha su hana da bakinsu.

Silo da rana

Direba kan ce wutar mota kyauta ce. Ba kyauta ba ce. Litar fetur na ɗauke da kimanin kilowat-awa 9. Inji na mayar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ya zama juyi, altaneta kuma ta mayar da rabi ko ɗan fiye ya zama lantarki. Ke nan lita ɗaya ta ba da kilowat-awa ɗaya da ɗan kai, idan dama tafiyar ake yi. Wannan kuɗi ne da za a iya jurewa. Amma idan aka bar mota a tsaye tana silo don caji kawai, ƙaramar mota na ƙona tsakanin rabin lita da lita guda a awa, abin da batir zai samu a awar kuwa bai kai rabin kilowat-awa ba. Tsadar ta ninka, altaneta na zafi, hayaƙi na shiga rumfunan mutane.

Mafita tana cikin abin da ya haifar da matsalar. Motar kasuwa ta fi daɗewa a tsaye fiye da a tafe, kuma a rana take tsayawa. Yankin Kano na samun hasken da ya kai kilowat-awa 5.5 zuwa 6 a kowane murabba'in mita a yini. Farantin sola mai wat 200 a saman mota, bayan an cire asarar zafi da ƙura, zai ba da wajen wat-awa 800 a yini, kusan amfiya-awa 60. Abu mafi muhimmanci, yana ba da ita a hankali cikin awanni masu yawa, wanda shi ne ainihin abin da matakin ƙarshe na cajin dalma ke buƙata. Inji ya yi kwararar farko a hanya, rana ta ƙarasa. Cajojin DC-DC da dama na da ƙofar sola a jikinsu, kuma wanda ya tashi saye, wannan ƙofa ce ya kamata ya fara tambaya. Mai rile ma zai iya ƙara faranti da ƙaramar na'urar daidaita cajin sola, ya samu yawancin amfanin da kuɗi kaɗan. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai an riƙa goge farantin kullum. A ranar da motar ba ta fita, a bar farantin a jone, domin batirin dalma na son ya cika tam aƙalla sau ɗaya a mako.

Babur, manyan motoci da injin feshi

Babur da adaidaita sahu ba su da rarar wuta mai yawa. Za su iya cajin waya, ko ƙaramin batir ta hanyar cajar da ba ta wuce amfiya 1 zuwa 2 ba. Ɗora musu babban batir kashe kwayil ne.

Manyan motocin da ke ɗaukar hatsi zuwa Dawanau galibi bolt 24 suke amfani da shi, batir biyu a jere. Kuskuren da aka saba shi ne a ciri bolt 12 daga ɗaya daga cikinsu don rediyo ko cajin waya. Wanda ake sha zai zauna da yunwa, ɗan uwansa ya riƙa shan caji fiye da kima, su mutu tare. Akwai na'urar sauke 24 zuwa 12, kuma ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba.

Injin feshi na son kulawa ta musamman, domin a watannin Agusta da Satumba, lokacin da wake ke fure kwari na kansa, shi ne abin da manomi ya fi matsuwa ya caja. Yawancinsu na ɗauke da rufaffen batirin dalma mai kimanin amfiya-awa 8, wanda bai kamata ya sha fiye da amfiya 2 ko makamancin haka ba. Wasu sababbin kuma litiyam ne mai ɗakuna uku, wanda iyakarsa bolt 12.6. Idan aka maƙala irin wannan a batirin motar da ke kunne, bolt 14 da ɗoriya zai gani, kuma wannan nau'in litiyam ɗin yana iya kamawa da wuta. A buɗe murfi a karanta abin da ke rubuce kafin a jona.

Zafi, iska da tsohon batir

Bolt 14.4 da ake ambata na digiri 25 ne. Duk ƙarin digiri ɗaya, batirin dalma na son a rage masa kimanin bolt 0.024. A watan Afrilu, da zafin Kano ke kai digiri 40 a inuwa, abin da ya dace ya dawo wajen 14.0. Cajar da ke da wayar jin zafi wadda ake mannawa a jikin batir tana yin wannan gyara da kanta. Kwanan batirin dalma kuma na raguwa da kusan rabi duk sanda zafin da yake zaune a ciki ya ƙaru da digiri 8 zuwa 10, litiyam kuwa ba a son a caje shi sama da digiri 45. Don haka ƙarƙashin bonet ba wurin batir na biyu ba ne, ba kuma wurin caja ba, domin ita ma tana rage aikinta idan ta yi zafi. A nemi inuwa da iska, a ɗaure shi kada ya yi tsalle. Dogon batirin inbata na gida, mai nauyi da ruwa a buɗe, an yi shi ne don ya zauna wuri ɗaya, gargada na zubar da ruwansa.

Batir mai ruwa na fitar da iskar haidurojin idan ana cajinsa, kuma idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Kada a rufe shi a akwatin da ba huda, kada a ajiye shi ƙarƙashin kujerar fasinja a motar da ake rufe gilasai. Ruwan da za a ƙara masa tataccen ruwan batir ne, ba na rijiya ba.

Idan ya mutu, kada a fasa shi a gida ko a zubar da ruwansa a ƙasa kafin a miƙa wa 'yan gwangwan. A ƙasar da rijiya da turke da gona da wurin wasan yara ke cikin taku kaɗan da juna, dalma ba ta da inda za ta je sai jikin mutane. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin kula da batir a 2024, kuma dillalan da ke karɓar tsoho a ba da sabo su ne hanya mafi kusa ta bin su.

Shawara ga masu horarwa

Wanda ke yanke hukunci a wannan harka ba injiniya ba ne, mai wayarin ne na bakin tasha, kuma shi ya kamata ilimin ya isa gare shi. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta suna tsakiyar wannan yanki, kuma gajeren horo da Hausa tare da ƙungiyoyin masu wayarin da na direbobi abu ne da ke cikin ikonsu. Abin da nake ba da shawarar a koyar ba shi da yawa. Kafin a ɗaura komai, a tambayi mai mota awa nawa injinsa ke aiki a rana, awa nawa motar ke tsaye a rana, da abin da zai kunna. Bayan an ɗaura, a auna bolt a kan batirin gaba da na baya inji na juyawa, bambancinsu kada ya wuce rabin bolt idan rile ne. A sake auna na baya da asuba kafin a kunna komai, a rubuta lambobin a kati a ba mai mota, ya dawo da shi bayan wata guda a sake aunawa.